Wa Ke Ƙirga Nasarorin Kocin Ƙauye?

Maƙalar wannan makon a kan wata sana'a ce da yawancinmu muka ci moriyarta, amma ba kasafai take shiga littafi ba: sana'ar koci, mai horar da 'yan wasa.

Bari mu fara daga nesa. A jami'o'in Amurka akwai wasan 'yan mata da ake kira sofbol, inda ake jefo ƙwallo, a buge ta da sanda, a zagaya tasha huɗu da gudu. Wata mata mai suna Carol Hutchins ta buga wasan tana ɗaliba, ta horar da ƙungiyar kwalejin Ferris a 1982, ta koma Jami'ar Mishigan a matsayin mataimakiya, a 1985 aka ba ta ragamar ƙungiyar. Ta ci kofin jami'o'in ƙasar a 2005, ta ajiye aiki a 2022 da nasara 1,707. Dokar 1972 da ta hana makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna wa mata wariya ta taimaka wajen share mata hanya. Amma mu lambar nan ce ta tsaya mana a rai. Kafin a samu 1,707, sai da wani ya riƙa zama bayan kowane wasa, shekara kusan arba'in, yana rubutawa.

Mu da muka tashi a ƙauyukan arewacin Kano, wajen Ɗambatta, Makoɗa, Kunchi da Bichi, mun san hanyar kocinmu ba haka take ba. A wajenmu gona ta haɗa iyaka da gona, ba a barin ƙasa ta huta, da taki ake riƙe ta kowace shekara. In ka cire filin makaranta, filin ƙwallo aro ne. Sai an yanke gero da dawa, an kwashe kara, yara sun tuge tushiya sun baje kunya, sannan a kafa sanduna biyu a ce raga ce. Ranar da ruwan shuka ya sauka, mai gona zai iso da sungumi, ƙungiya ta watse sai wata kakar.

A irin wannan fili kocinmu ke fara aiki. Yawanci malamin firamare ne ko wani yayanmu da gwiwa ta hana shi ci gaba da bugawa. Kayan aikinsa usur ɗaya da ƙwallon da ta sha faci. Shi ke bi gida gida yana lallashin iyaye su saki yaro bayan la'asar, shi ke haɗa kuɗin motar kasuwa in za a je wasa wani gari, shi ke shiga tsakani in faɗa ya ɓarke. Wasunmu a hannunsa muka fara koyon zuwa wuri a kan lokaci, da yadda ake gaisawa da wanda ya ci mu.

Ba wai matakalar ce babu ba. Jami'ar Bayero tana koyar da ilimin motsa jiki, Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Surulere a Legas tana ba da shaidar horarwa, hukumar ƙwallon Afirka kuma tana da lasisi hawa-hawa. Mun kuma san waɗanda suka kai sama. Kadiri Ikhana ya ci wa Kano Pillars gasar ƙasa a 2008, Mohammed Babaganaru a 2012 da 2013, Okey Emordi a 2014. Salisu Yusuf ya buga wa Ranchers Bees ta Kaduna, ya horar da Pillars, ya kai tawagar 'yan wasan cikin gida wasan ƙarshe na gasar CHAN a Maroko a 2018. Waɗannan an san tarihinsu domin jarida da rediyo sun bi sawunsu.

Matakan ƙasa ne suka ɓace. Tsakanin gonar da aka girbe da filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, babu takarda. In kocin ƙauye ya je neman gurbin kwas ko aiki aka ce me ka taɓa yi, bakinsa kaɗai ne shaidarsa. Yaron da ya horar in ya yi suna, tarihinsa daga kulob ɗin da ya fara sa hannu ake faro shi.

Ɓangaren mata ya fi ban tausayi. Iyaye da yawa ba za su bar 'yarsu ta shiga fili ba sai in mace ce ke koyarwa. Akwai malamai mata a makarantun kwana da ke koyar da ƙwallon hannu da ƙwallon raga shekara da shekaru. In ba a rubuta labarinsu ba, yarinyar da ke tasowa ba za ta san cewa wannan ma aiki ne da mace ke iya riƙewa har ta tsufa a cikinsa ba.

Fili ba mu da ikon bayarwa, lasisi ma haka. Rubutu kuwa namu ne. Duk mai neman abin da zai gwada alƙalaminsa a kai, ga shi a ƙofar gida. A je wurin kocin unguwa ko malamar wasanni, a nemi izininsu. A tambayi shekarar da suka fara, wa ya koya musu, gasa nawa suka shiga, ina aka ci su kuma me ya jawo. A rubuta gari da shekara da sakamako yadda suke. Kada a mai da shi kirari, domin kirari ba ya zama shaida a gaban masu ɗaukar aiki.

Da zarar an kwashe kara bana, usur zai fara tashi a bayan gari. Mu je da biro da littafi. Allah ya ƙara mana basira, amin.