In Kiɗa Ya Sake, Rawa Ma Sai Ta Sake

Mu Hausawa in mun je gai da marar lafiya, gaisuwarmu ɗaya ce, amsarta kuwa ɗaya ce. Mu kan ce, "Yaya jiki?" shi kuwa ko da ransa na hannun Allah sai ya ce, "Da sauƙi." Gaisuwar nan an yi ta ne domin ciwon da ke zuwa kamar baƙo, irin su masassara da ƙyanda da gudawa, wanda in ya kwana bakwai ko goma sai ɗayan biyu, ko mutum ya tashi ko a kai shi makwancinsa. Amma akwai wani irin ciwo wanda in ya sauka gidan mutum ya kan kwance kayansa, ya kafa ƙusa ya rataye jakarsa, ya miƙe ƙafa. Labarin irin wannan ciwo na ke so in ba ku, 'yan'uwana 'yan makaranta da malamanmu, domin yau shekara shida ke nan muna ɗaki ɗaya da shi. Da yawa cikinku sun sha tambayata abin da ya hana ni shiga ƙwallo, ga ni kuwa garau ba rauni ba ɗingishi. To, ga amsa, don mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo.

Ciwona a zuciya ya ke, amma ba za ku gane shi ba sai kun san yadda lafiyayyar zuciya ke aiki. Zuciya ɗakuna huɗu gare ta, biyu a sama, biyu a ƙasa, tsakaninsu kuwa akwai ƙyamare masu buɗewa su bar jini ya wuce, sa'an nan su rufe kada ya komo. Mutum na zaune ta kan buga sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya, watau wajen sau 100,000 ke nan a yini da dare. Ku dubi makarantarmu. Ba wanda ke bi ɗaki ɗaki yana cewa a tashi, ko a shiga aji, ko a tafi cin abinci. Mutum ɗaya ke kaɗa ƙararrawa, kowa ya bi. Haka zuciya ta ke. A bangon ɗakin sama na dama akwai wani ɗan ƙulli wanda bai kai tsawon gaɓar yatsa ba, shi ke sakin 'yar wutar lantarki loto loto, wutar ta bi ɗakunan sama su matse, ta gangara ta wata mashiga ɗaya tak, ɗakunan ƙasa su matse su tura jini ko'ina cikin jiki. Waɗansu Turawan Birtaniya biyu, Arthur Keith da Martin Flack, su suka bayyana ƙullin nan a 1907. Flack kuwa a lokacin ɗalibi ne kamarmu.

To, ku ƙaddara a wayi gari yara ɗari uku sun sami ƙararrawa, ko wanne na kaɗa tasa yadda ya ga dama. Abin da ya sami zuciyata ke nan. Ɗakunan sama sun daina jin mai ƙararrawa na asali, wuta na tasowa ta ko'ina fiye da sau 300 a minti, har ba su iya matsewa, sai dai su yi ta makyarkyata. Mashigar nan ta tsakiya ita ke tare yawancin wutar, ta bar wata ta wuce ba bisa ƙa'ida ba. Ku ɗora yatsu biyu bisa wuyan hannunku, za ku ji bugu na zuwa daidai wa daida kamar luguden mata gwanaye. In kuka taɓa nawa sai ku ji uku a guje, ɗaya ya maƙale, biyu su biyo baya a sanyaye. Ran da abin ya motsa sai in ji ƙirjina kamar kaza ta hangi shaho tana cikin akurki, numfashi ya yi gajere, in na hau matakala goma sai na tsaya na dafa bango. Likitoci na kiransa atiriyal fibirileshan, shi ne kuwa ya fi yawa cikin cututtukan da ke rikita bugun zuciya su zauna.

A ƙasashen Turai ciwon tsofaffi ne galibi. Ni kuwa da ƙuruciya ya same ni, ta hanyar da ya kamata ko wane mai shirin zama malami ya sani. Ina da shekara tara na yi ciwon maƙogwaro da zazzaɓi. A ƙauyenmu ba a ɗauki wannan ciwo a bakin kome ba, in ya tsananta a kan ce beli ne a kira wanzami. Bayan mako uku sai gwiwata ta kumbura, ta sace, idon sawu ya ɗauka, shi ma ya sace, gwiwar hannu ta ɗauka. Aka ce sanyi ne, aka shafa mai, na tashi na ci gaba da wasa. Ashe wata ƙwayar cuta ce ta kama maƙogwaron, jiki kuwa garin yaƙi da ita sai ya auka wa nasa, ya taɓa gaɓoɓi ya taɓa ƙyamaren zuciya. Gaɓoɓi su kan warke sarai, amma ƙyauren zuciya ya kan yi tabo, ya yi ta tsukewa a hankali shekara da shekaru. Da ƙofar ɗakin hagu ta tsuke, sai jini ya riƙa taruwa a ɗakin sama, ɗakin ya buɗe ya saki, daga nan ƙararrawa ta rikice. Mutanen da ke da wannan tabo na zuciya a duniya sun fi miliyan 40, yawancinsu a ƙasashen talakawa, har a 2018 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da shawara a kansa. Abin baƙin ciki, maganin farkonsa ba wuya: fenisilin, in an ba yaro da wuri sa'ad da maƙogwaro ke ciwo.

Ran da aka gane ciwona, an manna mini waɗansu wayoyi a ƙirji da hannu da ƙafa, na'ura ta zana bugun zuciyata bisa takarda cikin minti ɗaya. Wani likitan Holan, Willem Einthoven, shi ya fito da asalin na'urar a 1903. Tasa sai mutum biyar ke sarrafa ta, majinyaci kuwa sai ya tsoma hannu da ƙafa cikin bokitan ruwan gishiri. Likita ya duba takardar ya ce, "Samari, wannan ba a cire shi kamar ƙaya. Zama za ku yi da shi, amma da sharaɗi."

Sharaɗi na fari shi ne magani kullum, ko jiki na daɗi ko ba ya yi. Ina shan ƙwaya ɗaya mai rage gudun zuciya, ana kuma yi mini allurar fenisilin ko wane wata domin kada cutar maƙogwaro ta komo ta ƙara tabo bisa tabo. Amma babban abin tsoro ba faɗuwar gaban ba ce. Ruwan da ba ya gudu shi ke yin gansakuka. Jinin da ya kwanta a ɗakin da ba ya matsewa ya kan daskare ya yi guda, in gudan ya ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa sai ɓarin jiki ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Mai irin ciwona ya fi sauran mutane haɗarin wannan wajen ninki biyar. Saboda haka na ke shan wafarin, maganin da ke hana jini saurin daskarewa.

Asalin maganin nan abin mamaki ne. A shekarun 1920 shanu suka yi ta mutuwa da zubar jini a Kanada da arewacin Amurka, aka bincika aka tarar wata busasshiyar ciyawa ce da ta yi fumfuna su ke ci. Wani masani, Karl Link, da mutanensa a jihar Wiskonsin suka tace abin da ke cikinta. A 1948 aka fara sayar da shi, maganin ɓera, a 1954 kuwa aka yarda a ba mutane shi da awo. Watau abin da ke kashe ɓera shi ke tsare ni, tsakanin dafi da magani kuwa ba kome sai awo. In ya yi kaɗan jini ya daskare, in ya yi yawa ya ƙi tsayawa. Don haka a kan ɗebi jinina a auna a kai a kai, ana so awon ya tsaya tsakanin 2 da 3. Akwai sababbin magunguna waɗanda ba su bukatar wannan awo, amma wani babban gwaji da aka bayyana a 2022 ya nuna masu tabon ƙyauren zuciya irina wafarin ya fi musu.

Sharaɗi na biyu ya shiga har cikin kwanon tuwo. Ganye irin su zogale da alayyahu suna da wani sinadari mai rage ƙarfin wafarin. Ba a hana ni ci ba, an dai ce in daidaita, kada in yi wata guda ban ga ganye ba sa'an nan in tashi in cika akushi da kwaɗo kwana bakwai a jere. Ba ni da halin yin ƙaho, ba ni shan jiƙe-jiƙe, ba ni karɓar asfirin daga hannun aboki don ciwon kai, in kuwa za a cire mini haƙori sai na faɗa tukuna. Ƙwallo da dambe da langa na bar muku, domin in aka buge ni a ka jini na iya zuba a ciki ba a gani. Kuɗin magani da na awo da na mota kuwa ba su san ƙarshen wata ba, ubana ya sayar da tumaki ba ɗaya ba ba biyu ba.

Duk wannan da sauƙi a kan zama da mutane. Watan fari kowa na zuwa da kunu da addu'a. In shekara ta kewayo sai a fara cewa, "Af, har yanzu ba ka warke ba?" kamar wanda ya ƙi biyan bashi. Wannan ya ce sammu ne, wancan ya ce iska ce, wata gwoggo ta aiko da ƙullin gari ta ce in yar da na asibiti, ai ga shi ya kasa. Dukansu ƙauna ce ta sa su, amma sun saba da maganin da a ke sha a warke a ajiye. Ba su saba da wanda aikinsa tsaro ba ne, kamar ganuwa, wadda ba a rushe ta don an kwana biyu ba a kawo hari ba. Wanda ya karye a kan ga tsinke da ɗauri a tausaya masa. Mai ciwon ciki-ciki kuwa in ya zauna sa'ad da a ke share fili, sai a ce rago ne.

Ba ni kaɗai ba ne a nan. Akwai mai amosanin jini wanda sanyin hunturu ke kayar da shi, gobe ya tashi kamar ba shi ba. Akwai mai ciwon sukari wanda ke soka wa kansa allura safe da yamma, allurar da ba a fara yi wa mutum ba sai a 1922 a birnin Toranto, kafin nan kuwa yaro mai irin ciwonsa ba ya daɗewa. Akwai mai fuka, akwai mai farfaɗiya wanda mutane ke gudu bisa zaton ana ɗauka ta yawu, alhali kuwa ba a ɗauka. Cikin malamanmu ma na tabbata ba a rasa mai hawan jini. Ciwonmu dabam dabam ne, amma karatunmu ɗaya: kiyaye lokaci, sanin iyakar ƙarfi, da haƙuri da bakin mutane.

Kada ku zaci mai irin wannan ciwo zaman jiran kabari ya ke yi. A 1958 a ƙasar Suwidin akwai wani mutum, Arne Larsson, wanda zuciyarsa ke jinkiri har ya riƙa suma, watau kishiyar nawa ciwon. Aka dasa masa 'yar na'ura mai batir domin ta riƙa kaɗa wa zuciyar ƙararrawa, shi ne mutum na fari da aka dasa wa irinta cikin jiki. Ta farko ko yini ba ta yi ba ta lalace, aka sake wata. Ya yi ta canzawa har fiye da ashirin, bai rasu ba sai a 2001 yana da shekara 86, bayan ya riga ya ga rasuwar likitan da ya dasa da injiniyan da ya ƙera. Ni ma da aka sake mini kiɗa na sake rawa. Ina zagaya fili a ƙafa ko wace yamma, ina barci da wuri, karatun da wani ke yi dare ɗaya ni sai in raba shi kwana huɗu. Sannu ba ta hana zuwa.

To, 'yan'uwa, nan gaba kaɗan ko wannenmu za a danƙa masa aji mai yara hamsin ko fiye. Ina roƙonku abu uku. In yaro ya zo da ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, balle in gaɓoɓinsa na kumburi suna sacewa ɗaya bayan ɗaya, ku matsa wa iyayensa su kai shi asibiti a makon nan. In kun ga yaro na haki a baya wajen wasa, ku tambaye shi kafin ku ɗaga bulala. In kuwa kun ga wani bakinsa ya karkace farat ɗaya, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe, kada a tsaya shafe-shafe, a ɗauke shi nan da nan, domin a wannan hali sa'a guda ta fi shekara. Mu kuwa masu zama da baƙon da ba ya tafiya, in kun gaishe mu muka ce da sauƙi, ku yarda, sa'an nan ku rage sauri kaɗan mu tafi tare. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.