Zuwa Ga Maƙwabtakar Da Muka Rasa A Kaduna

Ya ke Maƙwabtaka,

Ina gaishe ki, ko da yake ban san inda wasiƙar nan za ta same ki ba. Daga kudancin kogin Kaduna nake rubuto miki, inda yawancinmu Kiristoci muka tattaru bayan rikicin Fabrairun 2000. Wutar Nuwamban 2002 ta kori waɗanda suka daure. Musulmi suka haura Tudun Wada da Rigasa, mu muka gangaro Sabon Tasha da Television, ke kuwa ba wanda ya ɗauko ki cikin kayansa.

A da, da Babbar Sallah naman layya kan shigo gidajenmu, ran Kirsimeti kuma yara su bi ƙofa-ƙofa da kwanukan shinkafa da cincin. Matar fasto takan bar wa Hajiya jaririnta ta tafi kasuwa. In an yi rasuwa, kowa ya zo ya zauna a tabarmar makoki. Yanzu akwai samarin da suka girma ba su taɓa sa hannu a kwano ɗaya da Musulmi ba.

Abin da ya fi ci mini rai, a rashinki koyarwar Almasihu ta yi araha a bakinmu. Muna wa'azin Basamariyen da ya tsaya ya ɗaure raunukan mutumin da 'yan fashi suka yasar a hanyar Yariko, alhali Yahudawa da Samariyawa ba sa ga-maciji. To mu wa za mu tsaya wa, tunda duk wanda ke layinmu ɗan ikilisiya ne? Yesu ya yi ɗamara da tawul ya wanke ƙafafun almajiransa, har da na Yahuza, yana sane da cewa shi zai bashe shi. Tawali'u irin wannan ba ya gwaduwa sai ga wanda kake shakka zaune a gabanka.

Na san kina raye. Fasto James Wuye ya rasa hannunsa a rikicin 1992, Imam Muhammad Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu, amma tun haɗuwarsu a 1995 suka kama hanyar sulhu, har suka sasanta mutanen Yelwan Shendam. A 2018, Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a Barkin Ladi ya ɓoye Kiristoci fiye da 200 a masallacinsa da gidansa, ya fito ya tari maharan yana roƙonsu da ransa a hannu. Dattijon nan ya aikata abin da muke karantawa duk Lahadi.

Ina roƙon Ubangiji ya ba ikilisiyoyin Kaduna irin zuciyarsa, mu haye gada mu nemo ki.

Naki,
wani Kirista daga Sabon Tasha