Kunne Ya Girmi Na'ura

Masu bibiyar labarinmu na mako-mako ku yi mini uzuri, yau ba ci gaban labari na zo da shi ba. Wata magana ce ta tsaya mini a rai.

Akwai wata sana'a a ƙasar Hausa da har yau ba mu raɗa mata suna ba. Mai waƙa mawaƙi ne, mai kiɗa makaɗi, mai karɓa ɗan amshi, mai kirari maroƙi. To amma mutumin nan da ke zaune gaban na'ura, wanda ke ɗaukar muryar, ya gyara ta, ya haɗa ta da kiɗa har ta iso kunnenka, wane ne shi? Wasu su ce mai situdiyo, wasu su ce injiniya, wasu ma mai kiɗa suke ce masa, alhali wani bai taɓa riƙe gula ba tunda uwarsa ta haife shi. Abin da ba shi da suna kuwa da wuya a ɗauke shi da daraja, balle a yarda cewa ilmi ne da ake zama a koya.

Kada wani ya ce ina ruwan marubuciyar littattafan soyayya da wannan. Da ruwana ƙwarai. Mu da muka taso muna kai littafi Kano a buga, a rarraba wa 'yan kasuwa, mun ga yadda kasuwar takarda ta lafa. Yanzu mafi yawan masu bin labaranmu ko dai a waya suke karantawa, ko kuma saurare suke yi a rediyo da YouTube suna wanke-wanke. Wato littafi ya koma murya. Akwai wani littafina da aka karanta aka ɗora, na ba da izini da kaina, amma da na saurara sai da na ji kamar in yi kuka. Mai karatun ta iya karatu, ba laifinta, sai dai muryarta kamar daga cikin rijiya take fitowa, ga kukan janareto a bayanta tun daga babi na ɗaya har ƙarshe. Wurin da na kwana uku ina rubutawa, inda uwa ke yi wa 'yarta nasiha daren da za a kai ta ɗaki, fanka ce ta cinye shi.

Shi ya sa da ɗan yayana ya gama sakandare ya ce shi aikin ɗaukar sauti yake son karantawa, ni ban ji abin ya zame mini baƙo ba. Uban ne ya yi tsalle ya dire. Gidanmu a cikin birni yake, gidan allo ne da ɗinkin babbar riga, kuma wanda ya san Zariya cikin ganuwa ya san abin da hakan ke nufi. Yaya ya ce, "A gidan nan ba a taɓa yin maroƙi ba, ba kuma za a fara a kaina ba." Yaron ya zo ya same ni ya ce, "Gwaggo, don Allah ki yi wa Baba bayani, ni ba waƙa zan yi ba." Na ce, ko waƙar ce ai a nan Samaru Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Mamman Shata digirin dakta na girmamawa a 1988. Amma na san halin mutanenmu, za su saurari Shata har asuba, su kuma hana ɗansa 'yarsu. Don haka ban bi ta nan ba. Na ce wa yaron ya fara zama ya koya mini mene ne ainihin karatun, in na gane sai in san abin da zan faɗa wa ubansa.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne, ba daga na'ura ake farawa ba, daga ɗaki ake farawa. Sauti yana tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa ɗaya. A ɗaki mai faɗin mita 4, kafin ka rufe baki muryarka ta bugi bango ta dawo, ta sake bugun na bayanka ta dawo, haka dai. In bangon siminti ne sumul, ƙasa tayil, sama kwano, to duk wannan amsa-kuwwa makirfo zai kwashe tare da muryar, kuma in ta shiga da wuya a raba su. Rijiyar da na ji ke nan. Kiret ɗin ƙwai da samari ke mannawa a bango ba ya hana ƙarar waje shigowa, ɗan rage amsa-kuwwa kawai yake yi, shi ma ba da yawa ba. Abin da ke tare ƙarar waje kauri ne da nauyi.

Da ya faɗi haka sai na tuna da soron kakanmu. Ginin ƙasa ne, kaurin bangonsa ya fi kamu ɗaya, yaɓen ba sumul ba ne, kusurwoyin ba su miƙe kamar an ja layi ba, sama kuma azara ce da bakan gizo. In ka shiga ka tura ƙyaure, hayaniyar 'yan acaɓa sai ta zama kamar a wata unguwa ake yi. Muka je ya yi tafi sau ɗaya a ciki, ya sake yi a ɗakin siminti da aka gina a tsakar gida. Ko ni da ban yi karatun ba na ji bambanci: a soro tafin ya tsaya cak, a ɗakin siminti sai da ya yi wutsiya. Ya nuna mini kuma cewa tsakiyar soron, daidai ƙarƙashin tulluwa, bai dace da ajiye makirfo ba, don nan sautin ke taruwa. Ga mu muna ta rushe irin waɗannan ɗakuna muna zuba bulo, sannan yaranmu su tafi Tudun Wada ko Sabon Gari su kama hayar shago suna manna katifa a bango don neman abin da ƙasa ke bayarwa kyauta. Masallacin Juma'ar da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, a shekarun 1830, ai ba lasifika a duniya lokacin, da muryar da Allah Ya ba shi liman ke jan sallah.

Sai maganar harshe, wadda ita ta fi tsaya mini. Hausa da karin sauti take tafiya. Baba mahaifi daban, baba na rini daban, baba 'yar'uwar uba daban, rubutu ɗaya ne, hawa da saukar murya ne ke raba su. Kalangu ma da wannan yake magana, makaɗi ya matse tsirkiya a hammata ya saki, sai ka ji ya kira sunan mutum. To akwai manhajar nan Auto-Tune da ta fito a 1997, wadda ke jan murya ta dole ta zauna a kan ma'aunin kiɗa. In wanda ke gaban kwamfuta bai da kunnen Hausa, ya murɗa ta har ƙarshe, sai ta baje karin kalma, ka ji waƙa da daɗi amma ka rasa me aka ce. Manhajar ba ta san Hausa ba, kuma ba za ta taɓa tambaya ba. Haka ƙ da ts namu, masu fita da ƙarfi, in mawaƙi ya manne baki da makirfo sai su riƙa sukan kunne kamar tsinke.

Ni ba na cikin masu zagin kiɗan fiyano. A gabanmu aka yi, a ƙarshen shekarun 1990, lokacin da situdiyo irin na Iyan-Tama a Kano suka shigo da fiyanon Yamaha, fim ɗin Sangaya na kamfanin Sarauniya ya fito, kowace yarinya a birnin nan ta haddace waƙarsa. Samari da yawa sun ci abinci ta wannan hanya, har da namu marubuta, don Aminu Ala ma littattafai ya fara rubutawa kafin duniya ta san shi da waƙa. Sai dai fiyano ta zo mana da wata lalaci. Tunda akwai maɓallin da ke kwaikwayon sarewa da ganga, sai aka daina kiran mai sarewa da mai ganga. Aka samu masu situdiyo da za su haɗa maka kiɗa cikin awa ɗaya, amma ka kawo musu mai algaita da mai kotso a ɗaki ɗaya, ba su san inda za su kafa makirfo ba. Algaita ta danne kowa, kotso ya ɓace.

Abin kunya, baƙo ya riga mu. Wani Ba'amurke mai suna David Ames ya zauna a Zariya a shekarun 1960 da rikodarsa, ya bi makaɗan fada da na sana'a yana ɗauka. An buga abin da ya ɗauka a faifai a Jamus cikin jerin faya-fayan UNESCO, kuma shi da Anthony King suka fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Yau wanda ke son jin yadda kakaki da tambarin Zazzau suke a wancan zamani, wurin aikin baƙon nan zai nufa. Muryoyin su Shata da Ɗankwairo kuwa, da yawansu albarkacin ma'aikatan Rediyon Kaduna muke jin su, mutanen da ba wanda ya san sunansu. Imfirajin Aliyu Namangi, Allah Ya jiƙansa, muna da shi a takarda, amma yadda makafi ke rera shi ƙofa-ƙofa muna yara, wa ya adana mana?

Akwai ma inda baƙo namiji ba zai taɓa shiga ba, wato cikin gida. Lugude, shantu, waƙar niƙa, waƙar daɓe, kiɗan ƙwarya ranar suna. Injin niƙa ya kashe wasu, siminti ya kashe daɓe, lasifikar biki tana kan kashe sauran. Barmani Choge ta rasu a 2013, ita an ɗauke ta don ta yi suna, amma kowace unguwa a birnin nan, daga Kwarbai har Ƙofar Gayan, tana da tsohuwar da ta iya abin da ba a taɓa ɗauka ba. Da ina da iko, 'yan mata zan fara turawa wannan karatu.

Wurin koyo dai akwai. A Jos akwai makarantar koyon aikin fim ta ƙasa, akwai kwalejin talabijin ta NTA, duk ana koyar da aikin sauti a cikin darussansu. Mafi yawan yaranmu kuwa a situdiyo suke koya a hannun ubangida, su haɗa da darussan intanet, da manhajoji irin su FL Studio da Cubase. Kowace hanya da cikas ɗinta. Ɗan makaranta na iya fitowa da takarda bai taɓa ɗaukar mawaƙi mai rai ba, yaron shago kuma yakan gaji kuskuren ubangidansa ya ɗauka ƙa'ida ce. Ga kuma kunnen kansa, wanda shi ne jarin: ƙarar da ta kai desibel 85, in ana wuni cikinta kullum, tana cinye ji a hankali, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa.

Da na koma wurin Yaya ban ambaci waƙa ba. Na tambaye shi wa ke kula da lasifikar masallacin unguwa, da kullum sai ta yi ƙara a tsakiyar huɗuba. Na tambaye shi kaset-kaset ɗin tafsirin malamin gidanmu da ke cikin adaka suna cin ƙura, wa zai juye su kafin zaren ya manne. Ya yi shiru, can ya ce, "Ke dai kin iya tsara magana, sana'arki ce." Ya yarda bisa sharaɗi biyu: yaron zai rubuta JAMB ya nemi makaranta, kuma duk inda yake, magariba a gida za ta same shi.

Aikinsa na farko ni na ba shi. Muna da wata kaka a dangi da ta haura tamanin, wadda a zamaninta ba a biki a unguwarsu ba ta. Muka kai ta soron nan, aka kifa ƙwarya a ruwa, aka kifa wata a kan tabarma, jikokinta biyu suna amshi. Sau huɗu yana matsar da makirfo, don ta ruwan tana nutsewa ƙarƙashin ta tabarmar. Da aka gama ya sa mata abin ji a kunne. Ta saurara har ƙarshe ba ta ce uffan ba, sannan ta cire ta miƙa masa ta ce, "Kai ɗan nan, ruwan ya yi kaɗan. A ƙaro a sake."