Takardar da ta hana ni cinikin jarka talatin

Shekara shida ina matsar man gyaɗa da suyar ƙuli-ƙuli a tsakar gidana nan Maraɗi, ba wanda ya taɓa tambayata takarda. Sai bara wani mai babban kanti ya ɗanɗana man, ya ce yana son jarka talatin duk wata. Har na fara lissafin kuɗin lakwal na yara, sai ya ce: "Hajiya, ki kawo faktir mai lambar NIF." Ban da ita. Kafin sati ya zagayo ya ba wata cinikin.

Abin da ya hana ni rajista tun farko tsoro ne. A unguwarmu an yi imani da cewa ranar da ka kai sunanka ofis, ranar ka kira masu lanho da bakinka. Mahaifiyata ma cewa ta yi, "Ke da kaskonki, me ya haɗa ki da gwamnati?"

Da na daure na je ofishin Chambre de Commerce, sai na tarar lamba biyu ce duk ake ta zancen. Ta farko RCCM, rajistar ƴan kasuwa da ke hannun magatakardan kotu, bisa dokar OHADA wadda ƙasashen Afirka 17 suka haɗu a kanta, har da Nijar. Ta biyu NIF, wadda ma'aikatar haraji ke bayarwa. Sun nemi kwafin katin ɗan ƙasa, hotuna, shaidar wurin zama, da takardar da ke nuna ba a taɓa yanke mini hukunci ba.

Wannan ta ƙarshe ita ta so ta kayar da ni, don a kotun garin da aka haifi mutum ake karɓarta, ni kuwa a Damagaram aka yanke cibiyata. Har na fara tunanin kuɗin mota, sai ma'aikacin ya ce doka ta yarda in sa hannu a kan takardar rantsuwa, in kawo ta kotun cikin kwana 75. Ƙanena ya karɓo mini ita. Da na san haka tun da wuri!

A nan kuma na ji cewa tun gyaran dokar na 2010 akwai matsayin da ake kira entreprenant, don masu ƙaramar sana'a irina: sanar da aikinka kawai za ka yi, ba sai ka yi cikakkiyar rajista ba. Ni dai cikakkiyar na zaɓa, don da manyan kantuna nake son hulɗa.

Sai dai ba zan ɓoye ba, tsoron ƴan unguwarmu ba banza ba ne gaba ɗaya. Lambar NIF ba ta barci. Ko ciniki ya tafi ko bai tafi ba, sunanka yana littafinsu, kuma in ka daina sana'ar dole ka koma ka sanar, in ba haka ba bashi ya yi ta taruwa a kanka kana gida. Shi ya sa yanzu nake da kaye guda, ina rubuta kowane tiya na gyaɗa da na saya da kowace jarka da ta fita, abin da ban taɓa yi ba a shekara shida.

Mai kantin nan bai dawo ba, yana nan da waccan matar. Wani ne daban, mai gidan abinci, yake ɗaukar jarka goma sha biyu, kuma ranar farko da na miƙa masa faktir, sai da ya duba lambar kafin ya buɗe jarkar.