Kyamara a Bakin Ruwan Buba Njidda

Daga Garwa muka bi hanyar Cholire, hedkwatar Mayo-Rai, muka shiga gandun dajin Buba Njidda, mai faɗin murabba'in kilomita 2,200. Da rani namun daji kan taru a ɗan ruwan da ya rage cikin rafi, amma da sun ji warin mutum sai su watse. Don haka muka kafa kyamara bisa abin ɗorawa mai ƙafa uku, muka saita ta tana ɗauka da kanta bi da bi, muka ja da baya. Ta kamo mana ɓauna da gwanki. Giwa kuwa, sai sawunta. A 2012 mafarauta bisa dawakai suka kashe ɗaruruwan giwaye a nan saboda haure. 'Yan'uwa 'yan kasuwa, duk mai sayen haure da hannunsa a wannan ɓarna.