Daga Bagauda zuwa Falgore: ɗanki mai digiri da kakin soja

Duk wadda za ta Doguwa daga Kano, hanyar Zariya za ta fara bi. A ƙasar Bebeji za ki wuce Bagauda, inda makarantar horar da lauyoyi take, can ciki kuma ga madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974, zamanin Audu Bako. A Kwanar Dangora, cikin ƙaramar hukumar Kiru, mota za ta karya hagu ta kama hanyar Jos. Daga nan sai gonakin rake da masara, har Tudun Wada mai kasuwar shinkafa. A tashoshin nan ba za ki rasa saurayi mai digiri yana acaɓa ko yana zaune a rumfar POS ba.

Gaba da Tudun Wada sai dajin Falgore. Shekarun baya, direba ba ya son magariba ta riske shi a ciki, saboda 'yan fashi da ɓarayin shanu. A 2017 rundunar sojan ƙasa ta shiga dajin da atisaye, daga baya gwamnatin Kano ta gina musu sansanin horo. Yau in kika ga mota ta ɗauko mai naƙuda daga ƙauyukan Doguwa ta ratsa dajin da dare, ki tuna akwai ɗan wata da ya kwana a tsaye da bindiga.

To, idan naki ne ya dawo daga bautar ƙasa ya ce, "Umma, soja zan shiga," me za ki ce masa?

Kafin ki amsa, ki san ƙofofin ba ɗaya ba ne. Depot ta Zariya tana horar da kurata, takardar sakandare ta isa. Makarantar NDA ta Kaduna, wadda aka kafa a 1964, tana ɗaukar waɗanda suka gama sakandare ta ba su digiri da horo tare. Mai digiri ko HND kuwa yana da tasa ƙofar: SSC ga mai son fagen daga, DSSC ga masu sana'a irin likita, ma'aikaciyar jinya, lauya, injiniya da malami. Horon watanni ne, a fito da muƙamin hafsa, kuma mata ma suna nema. Ana buƙatar takardar kammala bautar ƙasa ko ta yafewa. Ta intanet ake cikewa, kyauta. Duk wanda ya ce ki sayar da akuya ki ba shi ya nemo wa ɗanki gurbi, ɗan damfara ne.

A ganina, mai digirin da zuciyarsa ke son aikin ya shiga, amma ta ƙofar da za ta yi amfani da karatunsa. Wanda zaman banza kawai ya kora, ya sake tunani. Soja ba ya zaɓen inda za a kai shi. Yau Kano, gobe Borno ko Zamfara, kuma ba ya ajiye aiki ranar da ya ga dama. Wasu sun dawo da rauni, wasu barci ya gagare su, wasu ba su dawo ba.

A matsayina na ma'aikaciyar jinya, shawarata ita ce ya je asibiti tun kafin tantancewa, a duba jininsa da idonsa da ciwon hanta, domin gwajin lafiyar soja ba ya wasa. In yana da mata, a zauna da ita, domin ita za ta yi zaman jira. Sannan ya yi istihara.

In bayan duk wannan ya ce yana nan a kan bakansa, ki sa masa albarka. Allah Ya tsare mana su a duk inda suke.