Ayarin tsofaffi daga Faransa zuwa Agadir

Kowace shekara, in sanyi ya kama a Faransa, tsofaffin ma'aikata da suka aje aiki sukan ɗaura wa motocinsu ɗaki mai ƙafafu, su nufi Maroko. A cikin ɗakin akwai gado da murhu da makewayi. Da faransanci sunansa karaban, kalmar da suke kiran ayarin fatake da ita.

Mai shirin tafiyarsa ta fari yakan ɗauka taswira ce farkon abin dubawa. Waɗanda suka saba kuwa da sikeli suke farawa, domin nauyi ne ke yanke hukunci. In ɗakin ya wuce kilo 750, kuma nauyin da aka yarda wa mota da ɗaki a haɗe ya haura kilo 3500, farmin tuƙi na kullum bai isa ba. Tun 2013 doka ta ce sai an yi horon awa 7, wanda ke ba da izinin kaiwa kilo 4250. Ɗakin da ya wuce kilo 500 kuma sai da takardarsa da lambarsa daban.

Nan ne gardama ke tashi tsakanin tsoho da uwargidansa. Ita tana son tukwanenta, shi yana son akwatin ƙarafansa, ga ruwa kowace lita kilo guda. Kaya masu nauyi a ƙasa ake sa su, bisa ƙafafun ɗakin. In aka jibge su a baya, ranar da babbar mota ta gifta ko iska ta taso, ɗakin ya dinga rangaji ke nan har ya kifar da mota.

Daga Paris zuwa Aljeziras, a kudancin Espanya, kusan kilomita 2000 ne. Wanda ya shekara arba'in yana tsere da agogo yakan so cinye su cikin kwana biyu. Mai hankali yakan raba su zango zango, ya sauka tun rana ba ta faɗi ba, domin ja da baya da ɗaki cikin duhu wuya gare shi ko ga gwani.

Jirgin ruwa na ƙetara da su zuwa tashar Tanja cikin awa ɗaya da rabi. Daga nan saura wajen kilomita 800 bisa babbar hanyar da ta isa Agadir a 2010. Bafaranshe na da izinin zaman kwana 90 ba biza, saboda haka tun kafin tashi ake sa ranar komawa gida.